Wa ke da alhakin sa ido kan masu kemis da ke yin allura da ƙarin ruwa?

Mai tambaya, Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum. A unguwarmu akwai wani mai kemis da jama'a suka mayar da shi likita, domin yana duba marasa lafiya, yana yin allura, har yana ƙara wa yara ruwa a kan benci a bayan shagonsa. Kwanan baya hannun ɗan maƙwabcina ya kumbura a inda aka ɗaura masa ruwan, sai da aka kai shi asibiti. Shin doka ta ba mai kemis wannan dama? Idan ba ta ba shi ba, wace hukuma ake kai wa ƙara, ta jiha ko ta tarayya?

Mai harhaɗa magunguna, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Doka ba ta ba shi ba. Lasisin mai kemis yana fitowa ne daga PCN, hukumar tarayya mai kula da harhaɗa magunguna da sayar da su, wadda dokarta ta 2022 ta tabbatar da cewa masu kemis suna ƙarƙashin kulawarta, kuma ana sabunta lasisin duk shekara. Abin da ya halatta masa shi ne sayar da magungunan da ke cikin jerin da hukumar ta amince da su, irin su farasitamol da ORS (haɗin gishiri da sukari na masu gudawa) da maganin zazzaɓin cizon sauro na sha. Allura da ƙarin ruwa da kwantar da mara lafiya duk ba sa ciki, kuma hukumar tana da ikon garƙame shagon da ya ƙetare iyaka. Mutane kan ruga NAFDAC, alhali ita huruminta maganin ne kansa, wato ko jabu ne ko wa'adinsa ya ƙare.

Tsohuwar jami'ar lafiya, Daura:
Bayanin da ya gabata daidai ne, sai dai rufe shago kaɗai ba zai magance matsalar ba. Da yawa daga cikin masu waɗannan shaguna yaranmu ne da suka gama makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ko ta Daura, suka yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiya na al'umma, amma ba a ɗauke su aiki ba. Sun koyi allura, gaskiya ne, amma an koya musu ita domin su yi a asibitin da ke da rajista, bisa littafin ƙa'idojin aiki, inda akwai wanda zai duba aikinsu da hanyar tura mara lafiya gaba idan abu ya rikice. Rajistar asibiti mai zaman kansa kuwa aikin Ma'aikatar Lafiya ta jiha ne.

Uwar da ɗanta ke amai da gudawa da tsakar dare, ta tarar asibitin mazaɓarsu a kulle, wa zai ga laifinta idan ta buga ƙofar kemis? Jiharmu tana da mazaɓu 361, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Don haka ina ba da shawara ku nemi kwamitin ci gaban mazaɓarku ya tambayi Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha yawan ma'aikatan da aka tura muku, da wanda ke aikin dare a cikinsu. Sa ido a kan ma'aikacin gwamnati da ba ya zuwa aiki ya fi wuya, domin sau da yawa yana da uwa a gindin murhu.

Lauya, Katsina:
Hajiya ta yi gaskiya. Abin da zan ƙara, Malam, shi ne koke na baki ba ya zuwa ko'ina. Mahaifin yaron ya rubuta takarda mai kwanan wata zuwa ofishin PCN na jiha, ya ba Ma'aikatar Lafiya kwafi, ya haɗa da katin asibitin da aka duba yaron, sannan ya tabbatar an buga masa hatimin karɓa a kan nasa kwafin. Hukumar likitoci ta MDCN tana hukunta likitocin da ke cikin rajistarta ne, bisa koken da aka yi rantsuwa a kansa. Wanda ya kira kansa likita ba tare da rajista ba kuwa ya aikata laifi a dokance, kuma ana iya kai ƙararsa ga 'yan sanda kai tsaye.