Diron ɗina ya mutu bayan filashin ya katse, dan Allah a agaza

Ɗan_Sabil:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar diron ku zo ku cece ni, yau kwana uku kenan ko barcin kirki bana yi. Ina da ɗan diron na FPV, irin wanda ake tuƙawa da tabarau ana kallon hoton kyamararsa, mai farfela inci 5, na hannu ne, wajen wani ɗan Filifin da muke aiki tare na saye shi kafin ya yi huruj ya koma ƙasarsu, riyal 900 har da rimot da batir biyu, shi ya harhaɗa abinsa da hannunsa. Wata shida ina tashinsa lafiya lau ko tari bai taɓa yi ba. To ranar Talata da daddare zuciya ta raya min wai in ɗaga Betaflight ɗin, wato manhajar da ke sarrafa tashinsa, daga 4.3 zuwa 4.5, ba don wani abu ya lalace ba wlh, kawai naga kowa zancensa yake. Na jona a laftof na danna filashin, wato loda sabuwar manhajar, layin nan ya fara tafiya ya kai wajen rabi, sai ga ɗan yayata ɗan shekara uku a guje yana bin kyanwa, ƙafarsa ta kwashe kebur ɗin, laftof ɗin ma da kyar na cafe ta.

Tun daga nan shiru kake ji. In na jona, jar fitila guda ce take kamawa a kan bod ɗin da ke sarrafa diron, shuɗiyar da take ƙiftawa a da babu ita, kuma babu COM, alamar laftof ta ga diron, a cikin Configurator, manhajar saita shi. In na sa batir motocin farfela suna yin ƙara ukun nan na farko sai su tsaya, biyun ƙarshe basa zuwa. Jiya na kai wa wani mai gyaran jawwal, wato wayar hannu, nan Jidda a Shari' Falasɗin, ya juya shi gaba da baya ya miƙo min yace harban, wato ya lalace, in sayi sabo. Shin da gaske ya ƙone ne ko akwai dabara? Kuɗin sabunta iƙama, takardar zamana a Saudiyya, na gabana, bani da halin sayen bod yanzu.

Mai_Shayin_Jarwal:

Allah ya jiƙan rai 😂 ɗan'uwa abin da bai lalace ba me ya kai ka gyaransa? Ni tawa shawarar ka rataye shi a falo ya zama ado, yaron kuma a saya masa alawa, ya raba ka da ɓarnar kuɗi.

Baban_Hanan:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ka rabu da mai shayi. Mai gyaran jawwal ɗin ma ba laifinsa bane, ba layinsa bane kawai. Daga bayanin da kayi ni banga alamar ƙuna ba. Ƙara ukun nan da kake ji ESC ne, na'urar da ke juya motocin, yake cewa wuta ta iso ni, biyun da suka ɓace kuma sai ya ji sigina daga bod yake yinsu, to bod ɗin kansa babu komai a ƙwaƙwalwarsa yanzu, an goge tsohuwar manhaja sabuwar kuma bata gama shiga ba, me zai faɗa wa ESC? Jar fitilar kuma tana nuna wuta na shiga.

Abin da mutane da yawa basu sani ba, cif ɗin STM32 da ke kan irin waɗannan bod ɗin yana da wata ƴar manhajar tayarwa da aka dasa masa tun daga masana'anta, a wani sashe da filashin baya taɓawa. Ko sau goma aka fizge kebur tana nan. Ita ake shiga da abin da ake kira DFU. Shi yasa kashe bod da filashin kaɗai abu ne mai wuyar gaske, ni dai shekaruna a wannan wasan duk wanda aka kawo min da sunan ya mutu a filashin tashi yake, waɗanda suka mutu da gaske shot ɗin wuta ne ko an juya batir.

Ga yadda zakayi. Kafin komai CIRE FARFELU duka huɗun, bana wasa da wannan, akwai tabo a babban yatsana da yake tuna min kullum. Kada ka sa batir, USB kaɗai. Ka duba kusa da ramin USB ɗin akwai ɗan mitsitsin maɓalli an rubuta BOOT, wani bod ɗin kuma ba maɓalli sai ɗigon dalma biyu kusa da juna, in haka ne ka haɗe su da matsefata. Ka danne shi tukuna, kana danne ɗin ka soka kebur, ka ƙirga uku ka saki. A saman Configurator inda COM yake fitowa ya kamata kaga DFU. In ya fito, ka shiga wajen filashin ka kunna No reboot sequence da Full chip erase, ka zaɓi sunan bod ɗinka daidai, daidai nace, kada ka zaɓi mai kama da shi. Kuma tun daga 4.4 manhajar a intanet ake haɗa maka ita lokacin da ka nema, don haka sai da net mai kyau, kuma ka duba ka zaɓi irin yaren risibarka, mai karɓar siginar rimot, da GPS in kana da shi kafin ka loda.

In DFU bai fito ba to abu biyu nake fara zargi. Kebur, don da yawa daga keburan da muke saye a baƙala, shagon unguwa, na caji ne zalla babu wayar data a ciki, kuma naka ma an fizge shi, ka canza wani. Sai direba, manhajar da kwamfuta ke gane bod da ita, in Windows kake, ka nemi ImpulseRC Driver Fixer ka bar shi yayi aikinsa, in ya ƙi sai Zadig, ka danna List All Devices ka nemo STM32 BOOTLOADER ka sa masa WinUSB. A Zadig ɗin nan ka buɗe ido, in ka zaɓi wani abu daban kana iya wayar gari linzaminka ya daina motsi. Ka kuma karanta rubutun kan cif ɗin da fitilar jawwal, don yanzu akwai bod masu AT32, su direbansu daban ne.

Ɗan_Sabil:

Allah ya saka da alheri Yaya, wlh har naji sanyi a raina. Cif ɗin STM32F405 ne na duba. Na cire farfelu, na samu maɓallin, na canza kebur har uku harda na firintar ofis da na aro 😅 wanda shi ma ashe bakinsa ba ɗaya bane. Driver Fixer ɗin yana ta juyawa yana nema har na gaji na rufe. A Device Manager wani lokacin yana nuna Unknown USB Device da alamar rawaya wani lokacin kuma ko motsi. Sau ɗaya tak DFU ya leƙo, kafin in kai hannu ya ɓace. Yatsana har ya yi ja saboda danna maɓallin nan. Ko dai mai jawwal ɗin ne da gaskiya?

Ɗalibi_Madina:

Malam tambaya ɗaya, akwai GPS a jikin diron ɗin? Kuma in ka jona USB fitilar GPS ɗin ko ta risiba tana kamawa? In eh to inaga nan gizo ke saƙa. Irin wannan ta taɓa cin min sati guda a hostel ina ta zagin laftof ɗina a banza. Ita manhajar tayarwar ba USB kaɗai take saurare ba, tana kasa kunne a wasu UART ɗin ma, wato ƙofofin da ake lika GPS da risiba, a F405 akwai UART1 da UART3 a ciki, duk ƙofar da aka fara ƙwanƙwasawa ita take buɗewa ta manta da sauran. GPS kuwa da ya samu wuta surutu yake farawa ba tsayawa, risiba ma haka, sai cif ɗin ya ɗauka da shi ake magana ya ƙyale USB. Shi yasa kaga ya leƙo sau ɗaya ya ɓace, tsere suke. In fulogi ne ka zare shi kawai, in dalma ce ka cire waya ɗaya ta wutar ko ta TX ɗinsa da yake tura bayani ta ita, amma ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai saboda mayarwa.

Baban_Hanan:

Ɗalibi ya faɗi gaskiya, wannan ta shige min. Yi abin da yace. Kuma tunda a Jidda kake, in ka zo gwaji da batir kada ka bar shi a kan tebur yana zaune, na'urar tura hoton bidiyo zafi take ɗauka sosai in ba iska, ka kunna mukayyif, wato AC, ko ka sa masa fanka, kuma eriyarta na jiki kafin ka ba ta wuta.

Ɗan_Sabil:

ALLAHU AKBAR ya tashi!!! Ɗalibi Allah ya baka abin da kake nema duniya da lahira. GPS ɗin ne. Ɗan farin fulogi ne mai waya shida a ƙarƙashin tef, na zare shi da farce, na danne BOOT na soka kebur, kwamfuta tayi ƙarar nan tun kafin in saki, DFU ya fito ya zauna daram ko Zadig ban buɗe ba. Sunan bod ɗin a bayansa na gani sai da na kwance sukurori huɗu. Na kulle ƙofar ɗaki da sakata wannan karon, yaron na ta bugu yana kawu kawu ban kula shi ba. Ko minti ɗaya bai cika ba ya gama, shuɗiyar fitila ta dawo, na sa batir ƙara biyar cif, na juya diron a hannu hoton cikin kwamfuta ma yana juyawa.

Sai dai wata sabuwa. Komai ya koma fari fat, rimot baya motsa komai, rubutun cikin tabarau babu, maɓallin kunna motoci ma babu. Mutumin da ya saita shi kuma yana can Filifin lambarsa ta nan ta mutu.

Baban_Hanan:

To alhamdulillah. Kafin ka fara filashin ɗin ka shiga CLI, wajen rubuta umarni, ka rubuta diff all ka ajiye saitinka? Na san amsar 😄 Ba komai, ko da ka ajiye ma ba a so ka zuba na 4.3 gaba ɗaya cikin 4.5, abubuwa sun canza. Aikin dare ɗaya ne. Bi wayar risiba da ido kaga a wane TX da RX aka lika ta, lambar da ke jiki ita ce UART ɗin da zaka kunna wa Serial RX a Ports, in risibar samfurin ELRS ce ka zaɓi yaren CRSF. GPS ma haka in ka mayar da fuloginsa. Inda nake so ka nutsu shine shafin Motors, farfelu a cire, ka tada su ɗaya bayan ɗaya a hankali kaga lamba 1 a kwamfuta ita ce 1 a jikin diron, ka ɗan taɓa gefen kowace da yatsa kaji ina take juyawa, don wasu suna haɗa nasu farfelu na juyawa waje, in naka haka yake baka gaya wa Betaflight ba to kana ba shi wuta zai wuntsila ya daki ƙasa. Kibiyar kan bod ma ka duba ko gaba take kallo. Sannan failsafe, matakin tsaro in sigina ta yanke, ka kashe rimot kaga motocin sun tsaya.

Gwajin farko kuma ba a kan rufin gida ba dan Allah. Ka san ƙasar nan, mai inci 5 ya haura giram 250 nesa ba kusa ba, sai da rajistar GACA, hukumar jiragen sama ta Saudiyya, ga filin jirgin Sarki Abdul'aziz a arewacinku. Mu baƙi ne, abin da ɗan ƙasa zai sha da tara kai yana iya taɓa maka iƙama.

Mai_Shayin_Jarwal:

Au ya tashi? To na janye ta'aziyyar. Amma alawar yaro tana nan.

Ɗan_Sabil:

Rajista akwai Yaya, nayi tun da na saya. Risiba ta dawo, a UART2 take. Moto na 2 da na 3 ne naga kamar sun yi musaya, na danna 2 sai na baya na hagu ya juya, bari in ci abinci in dawo in turo hoton yadda wayoyin suke ku duba min kafin in taɓa wani abu.