Neman kalmar Hausa: me za mu kira "stilleven"?

Mai tambaya: Malamai, ina neman sunan wannan nau'in zane na mutanen Holan na ƙarni na 17, inda ake jera kaya a tebur a zana. Na ga an rubuta "zanen marasa rai". Ya yi?

Amsa ta 1: Bai yi ba. Faransanci aka bi, su ne ke cewa matacciyar halitta. Kalmar Holan, wadda ta bayyana wajen 1650, abin da ba ya motsi take nufi. Dubi furannin da Rachel Ruysch, mai zane 'yar Holan, ta zana, har da ƙudaje da dodon koɗi a ciki. Waɗannan ai masu rai ne. Na kawo "zanen kayan girke".

Amsa ta 2: Malam, mai karatu zai ɗauka girki ake nufi, balle da yake masu zane Pieter Claesz da Willem Heda na birnin Haarlem burodi da kifi da kofin giya suka fi zanawa. "Zanen ajiyayyun kaya" ya fi tsira daga ruɗani.

Reshen da ake kira "vanitas" ne ke buƙatar nasa suna. Kalmar Latin ce, ma'anarta banza ko wofi. Ƙoƙon kai, fitilar da ta mutu tana hayaƙi, agogo, kumfar sabulu, duk ajali suke nunawa. Lemun da aka fere bawonsa na lilo a bakin tebur kuwa, kyau a ido, tsami a baki. Aikin da waƙoƙin wa'azi ke yi a wurinmu ke nan, don haka "zanen wa'azi".

Amsa ta 1: Na karɓi ajiyayyun kaya. Amma wa'azi ya yi faɗi, "zanen tuna mutuwa" ya fi kama shi.

Amsa ta 3: Kar a manta da haske. Yawanci daga hagu ta sama yake faɗowa, har ana ganin hoton tagar a cikin kofin gilashi. Bango duhu ne. Inuwa fenti sirara ake shafa mata, hawa-hawa, wurin ƙyalli kuma a ɗiga farin fentin dalma da kauri. A sunan wannan salo "haske-da-duhu" ya wadatar, kar a ce "inuwa" kawai, rabin aikin ke nan. In kun ga ganye shuɗi a waɗannan zanuka, kar ku nemi ma'ana: ruwan ɗorawar da aka haɗa koren da shi ne ya koɗe.

Mai tambaya: Na gode. Na rubuta ajiyayyun kaya da haske-da-duhu. Na "vanitas" sai an ƙara jin ta bakin wasu.