Musayar waƙa: ɗan takara da maigidanshi

Ɗan Ƙaura:
Salamu alaikum. Jiya na shiga kasuwar Ƙauran Namoda na ga fastar yaron nan mai neman majalisar jiha, kuma hoton wa ke bayanshi, tsohon gwamna maigidanshi wanda har yau zancen kuɗin jiha bai bar binshi ba. Raina ya ɓaci wallahi. Ga tawa, ƙwar huɗu.

Na ga fasta a bakin kasuwa,
Maigida na bayanka da murmusawa,
Kowa ya ci ladan kuturu ɗan'uwa,
Askin kai nai babu tserewa.

Asibitinmu ba allura ba ruwa,
Fansho ya koma abin tambayawa,
Kuɗin da anka ce sun yi ɓacewa,
Su ne ka biyan makaɗa da rawa.

Bamafare:
Ɗan Ƙaura tsaya, ba ka bincika ba,
Laifin wani bai taɓa hawan wani ba,
Yaron ga ko sisi bai ɗauka ba,
Kai mai zagi, ba kai ne anka hana kwangilar kwalbati ba?

Ta Gummi:
Kai Allah shi ƙara basira Bamafare, ka gama da shi. Mu dai muna tare da yaronmu ko ana ha maza ha mata.

Malam na Tsafe:
Basira ina? Layin ƙarshen nan ya yi ɗingishi, gaɓoɓinshi sun kusa ninka na farko, karin ya karye tun daga "kwangilar". Kuma amsa-amon "ba" ai ko ɗan firamare ya iya shi, ka kore magana kawai sai ya faɗo.

Bamafare:
Malam kai kullum ƙidayar gaɓa, tunda anka buɗe zauren ga ba mu taɓa ganin baiti guda naka ba. In ka isa zubo.

Malam na Tsafe:
Ba sai na saƙa zane zan gane zaren da ya tsinke ba. Ɗan Ƙaura ma "murmusawa" ɗin nan cusa ta ya yi don amsa-amo, amma karinshi ya fi naka zama.

Ta Gummi:
To ashe kai ma ɗan jam'iyyarsu ne, shi ya sa.

Ɗan Ƙaura:
Ku bar Malam, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bamafare ga amsarka.

Kwangila ban nema, ni manomi ne,
Gonata a daji, shiga haɗari ne,
Kai ko buhun shinkafa rabonka ne,
Shi ya sa bakinka ya zama gwangwani ne.

Zama da maɗaukin kanwa ka sani,
Farin kai shika kawo wa mutum a gani,
Wa ya saya mai fom, wa ya ba shi motoci,
Faɗa mana in kai mai gaskiya ne.

Malam na Tsafe:
Baiti na biyu amsa-amo ya watse, "motoci" ba ta da dangi a wurin. Amma tambayar ta zauna daram.

Ɗan Bakura:
Ni ba mawaƙi ba ne amma bari in tuna muku. A 2018 kotu ta ɗaure tsoffin gwamnoni Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato, shekara 14 kowanne, kan kuɗin jihohinsu, 2022 anka yi musu afuwa sunka fito. Tsohon gwamna James Ibori na Delta a Landan anka yanke mishi shekara 13 a 2012, da ya dawo 2017 tarba anka yi mishi kamar ya dawo hajji. Abin da ka ba ni tsoro shi ne irin waɗanga in sun sauka ba su barin kujera haka nan, yaransu suka dasawa a majalisa don kar a taɓa buɗe fayil. Kuma mu nan Zamfara mun ga 2019, rigimar manya kan wa za shi gaji wa ta sa Kotun Ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba a yi fidda gwani yadda doka ta ce ba.

Bamafare:
Ɗan Bakura ka kawo na nesa,
Namu kotu ba ta kama shi ba ko kusa,
In da hujja ku kai EFCC ta bincika,
Ba ku zauna kuna ɓata suna a waya ba.

'Yar Anka:
Ku yi haƙuri sai yau na samu sabis, kwana uku ba netwok. Na karanta duka. Bamafare ɗan'uwana kai nike ba amsa.

Mun binne yara a Bagega dubu biyu da goma,
Gubar dalma ta ci su muna ta makoma,
Yau ɓarayin daji ka sa muna harajin noma,
Maigidan naku yana ina sanda munka rasa madogara?

Yaronku shi zo Anka ba da jiniya ba,
Shi tsaya gaban zawarawa bai ɓoye ba,
Shi faɗi mai biyan kamfen da bai faɗa ba,
In ya ƙi, ƙuri'ata ba tashi ba ce ba.

Malam kar ka ƙidaya min gaɓa, da kuka na rubuta.

Malam na Tsafe:
Ban ƙidaya ba 'yar'uwa. Allah shi jiƙan yaran.