Ford ta 1940 da aka sa wa injin Chevy, gyara ne ko ɓata mota ne?

Sani_Mota:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana mota ku fitar da ni daga duhu. Akwai wata Ford ƙirar 1940 mai ƙofa biyu, irin mai rufaffen kai da dogon but ɗin nan, da na ga ana ta yabawa a bidiyo wai an dawo da ita sabuwa fil. Amma da aka buɗe bonet sai ga injin Chevrolet a ciki, an rage tsayin rufin, an sauke ta ƙasa kamar za ta shafi titi, ga esi ga giya otomatik ga sitiyari mai laushi. Su Amurkawa suna kiran irinta sitirit rod. To ni abin da ya ɗaure min kai, idan an canza inji an canza giya an canza ƙafa, me ya rage na 1940 ɗin? Kuma me ya sa ba su bar mata injin ta na asali ba, ko a ƙalla su sa na Ford tunda Ford ce?

Malam_Garba_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam Sani tambayarka biyu ce, bari in fara da ta injin. Injin da ta fito da shi daga kamfani shi ne V8 mai shimfiɗaɗɗen kai wanda Ford ta fara fitarwa a 1932 ta ci gaba da yi a Amurka har 1953. Wanda aka fi samu a ta 1940 lita 3.6 ne, ƙarfin doki 85. Bawul ɗinsa a cikin bulok suke ba a kan silinda ba, kuma hayaƙin salansa sai ya bi ta cikin bulok ɗin kafin ya fita, wato yana wucewa dab da ruwan da ke sanyaya injin, shi ya sa yake yawan ɗaukar zafi duk da famfon ruwa biyu gare shi, in ka matsa masa a doguwar hanya sai bulok ya tsage tsakanin kujerar bawul da silinda. Inji ne mai daɗin sauti wallahi, amma ba a yi shi don gudun manyan titunan yanzu ba.

Shi kuma na Chevy da ka gani kusan tabbas V8 ɗin Chevrolet ne da ake kira ƙaramin bulok, wanda ya fara fitowa a 1955, mai lita 5.7 da ake ce wa 350 ya zo a 1967. Ba wai ƙin Ford suke ba, maganar wanda zai zauna a cikin motar cikin sauƙi ce kawai. Na Chevy gajere ne, kuma kwanon baƙin mansa zurfinsa a baya yake, don haka ba ya karo da ƙarfen da ya gitta a gaban shasi. Takwaransa na Ford na zamanin 350 ɗin ya fi tsayi kuma zurfin kwanon a gaba yake, sai ka yi ta yanka da walda kafin ya zauna. Ƙara da cewa kayan gyaran Chevy sun cika ko'ina a Amurka.

Kuma da zarar ka ninka ƙarfin inji sau uku ko fiye, dole sauran su biyo baya, ba ado ba ne. Aksil ɗin baya na asali ba zai jure ba, sai a sa na Ford da ake kira mai inci 9 (faɗin babbar giyar da ke cikinsa ke nan) wanda ya fito a 1957. Gaba kuma yawanci ƙafar motar Ford Mustang II ta 1974 zuwa 1978 ake walda wa shasin, tana zuwa da birkin diski, kowace taya da nata sifirin. Sai a toshe gefen shasin da farantin ƙarfe don kada ya murɗe, a mai da wutar daga volt 6 zuwa 12.

Hajiya_Binta:
Ni dai Malam Garba duk na yarda da maganar birki da wuta, rai ya fi komai. Amma yanke rufin nan yana min ciwo sosai. Inji ka cire ka ajiye a gefe, gobe wani ya saya ya mayar. Rufi in ka sa masa zarto shi ke nan. Kuma ita 1940 ɗin kyanta ai a gangarowar rufin yake zuwa but, waɗanda suka zana ta sun san abin da suke yi. Motar da ta tsira daga tsatsa sama da shekara 80 bai kamata a ce mutum ɗaya ya zo ya yanke ta don sha'awarsa ba, alhali akwai kamfanonin da ke ƙera sabon bodi na faiba ko na ƙarfe mai kama da tsohon sak, a je a yanka wancan mana.

Malam_Garba_Bakanike:
Hajiya gaskiyarki idan motar lafiyayya ce, ni ma ba zan taɓa wadda ke da fentinta da kujerunta na asali ba. Amma da yawansu gawa ake ɗaukowa daga bayan gona, ƙasan ya cinye, babu inji babu gilashi, in ba mai wannan sha'awar ba wa zai kashe mata kuɗi. Kuma yankan ba aikin wasa ba ne. Ginshiƙan rufin a karkace suke, kana cire inci 2 ko 3 sai ka ga rufin ya ƙi haɗuwa da ƙasansa, ya yi gajere, dole a tsaga shi a ƙara ƙarfe, a yi walda ɗigo ɗigo ana bari yana hucewa don kada zafi ya lanƙwasa shi, sannan fanel bita ya bi da guduma har sai ka shafa da tafin hannu ba ka ji gaɓa ba. Ƙofofi ma a yanka su daidai. Sa'ar da ake ci ita ce gilashin gaban guda biyu ne shimfiɗaɗɗu, ana iya yanko sabbi.

Abu_Khalil:
Ƙarin bayani kaɗan ga Sani. Abin nan ba sabo ba ne, tun shekarun 1930 samarin California suke cire wa tsofaffin Ford kaya suna tsere da su a busassun tafkuna irin su El Mirage, daga nan hot rod, wato tsohuwar motar da aka gyara don gudu, ta samo asali, rage rufin ma asalinsa don iska ta daina riƙe motar ne. Daga baya aka samu masu son su hau da iyalinsu su yi tafiya mai nisa ba tsere ba, su ne suka kafa ƙungiyar masu sitirit rod ta Amurka mai suna NSRA a 1970, kuma shekaru da yawa ƙa'idarsu ita ce motar ta zama ƙirar 1948 ko kafin nan. Babban taronsu a Louisville ta jihar Kentucky ake yi duk shekara, da yawa tuƙo motocinsu suke yi har wurin.

Sani_Mota:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. To amma a takarda fa, har yanzu 1940 ce?

Abu_Khalil:
Wannan ya danganta da shasi da kuma jihar, don a Amurka kowace jiha da nata dokar rajista. Ford na wancan lokacin ba a jikin bodi lambarsu take ba, an buga ta a saman ƙarfen shasi ta ɓangaren hagu da kuma jikin giya. Tunda an cire giyar, ta shasin ce kaɗai ta rage. In shasin na asali ne kuma lambar ta dace da takarda, yawanci tana nan a 1940 ɗinta. In kuwa sabon shasi aka saya gaba ɗaya, wasu jihohin sai an duba motar an ba ta sabuwar lamba a matsayin wadda aka harhaɗa, shi ya sa mai saye yake fara leƙa wannan wurin da tocila kafin ma ya kalli fenti.