Neman kalma: me za mu kira "grace and courtesy" na ajin Montessori?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara ɗan littafin horar da malaman ƙananan yara a tsarin Montessori, ranar Alhamis za a kai shi wurin bugawa, ga shi na maƙale a "grace and courtesy". Wasu ƙananan darussa ne da malama ke nuna wa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aikace: yadda ake mayar da kujera ba tare da ƙara ba, yadda ake kewaye tabarmar da wani ya shimfiɗa yana aiki a kai, yadda ake neman magana da wanda hankalinsa ke wani wuri. Na ɗan sa "ladabi da biyayya" kafin in samu, amma raina bai kwanta ba.

Abu Nahawu: Wa alaikumus salam. Malama, cire biyayyar nan. Biyayya daga ƙasa take hawa sama. A ajin nan ɗan shekara 5 yana yi wa ɗan shekara 3 abin da ake so a yi masa, ita ma malamar ba ta taɓa aikin yaro sai ta tambaye shi. Ladabi da natsuwa fa?

Mai Fassara: Natsuwa ta riga ta samu gurbi, Malam. Ita na ba "normalisation", halin da yaro ke shiga idan aiki ya ja hankalinsa har ya bar rigima. Babi guda ne a littafin.

Ɗan Jarida: Tarbiyya. A huta.

Abu Nahawu: Makarantar gaba ɗaya ai tarbiyya take yi. Sunan sashe ɗaya ake nema.

Dattijo: Kun ga abin da nake faɗa kullum. Da an ce kalma sai a ruga Larabci: ladabi, tarbiyya. Kamar Hausa ba ta haihu ba. Bahaushe yana cewa wane ya iya zama da mutane. To a haɗe: IYAZAMA. Darussan iyazama. Gajeriya, tamu ce, kuma yaro ma zai iya faɗa.

Ɗan Jarida: Baba, idan na karanta "darussan iyazama" a rediyo, iyaye za su ɗauka koya wa yara zama a kujera ake yi.

Dattijo: Yau ne, ɗana. Gobe sun saba. Kowace kalma ranar farko baƙuwa ce. Ku dai kunyar abin gida kuke ji.

Abu Nahawu: Allah ya gafarta Malam, "darasi" da ka jingina mata daga ina ya zo? Malami fa? Alƙalami? Idan za mu kori ladabi, sai mu kulle ajin.

Dattijo: Waɗanda suka riga suka shigo sun shigo. Ƙofar nake so a tura.

Uwar Aji: Ku yi haƙuri in sa baki, ni da yaran nake yini. Kuna ta jayayya kan asali, ba wanda ya tambayi me ya sa ake buƙatar darussan. A ajin nan kowane kayan aiki guda ɗaya ne tak. Hasumiyar nan mai ruwan hoda da yara ke ginawa da tubala 10, ɗaya ce, ga yara cike da aji. Wanda yake so dole ya jira a gama a mayar kan kanta. Ga kuma yara na shekaru daban-daban a haɗe, kowa yana yawo yana zaɓar aikinsa na kusan awa 3. Idan ba a nuna musu yadda ake jira, da yadda ake kallon aikin wani ba a sa hannu, da yadda ake cewa "a'a, ban gama ba" cikin daɗin rai ba, ajin ba zai zaunu ba. Kuma ba lokacin da yaro ya yi laifi ake koyarwa ba. Sai daga baya, a tara 'yan kaɗan, malama ta kwaikwaya, su ma su gwada suna dariya. Maria Montessori da kanta, mai wannan tsari, wadda ta buɗe makarantarta ta farko, "gidan yara", a unguwar San Lorenzo ta birnin Roma a 1907, ta ba da labarin ranar da ta nuna wa yara yadda ake fyace majina da hankici, suka tafa mata. Kullum faɗa ake musu a kai, ba wanda ya taɓa nuna musu. Saboda haka duk kalmar da ke da ƙamshin faɗa ko horo ba ta dace ba. Dole a ji zama tare a cikinta.

Abu Nahawu: To ga shi: ladubban zaman tare. Da jam'i, tunda ƙanana ne masu yawa, kamar yadda ake cewa ladubban magana.

Dattijo: Kun ɗauki "zama" tawa kun ɗora mata rawani.

Uwar Aji: Ya fi duk na baya, Malam, sai dai rabi ya faɗi. Ɓangaren jiki fa? Ɗaukar tire ba zubarwa, tafiya ba bangaza, rufe ƙofa a hankali. Shi ne "grace" ɗin, kuma natsuwa ce kawai ke riƙe shi.

Ɗan Jarida: Natsuwa da ladubban zaman tare? Ya yi tsawo, numfashi zai ƙare.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure mini. Zan sa "ladubban zaman tare" a kan babin, a sakin layi na farko in bayyana cewa ya haɗa da sarrafa jiki cikin tsanaki. Baba, zan ambaci iya zama da mutane a cikin bayanin, a rabe dai, ba a haɗe ba. Na gode muku duka.

Dattijo: A rabe ko a haɗe, ta shiga littafi. Ban yarda ba, amma ku buga.

Uwar Aji: Malama, kafin Alhamis ki sake duba natsuwar can ta babin "normalisation". Yaron da ya kai wannan hali ba shiru kawai yake yi ba, son aiki yake, yana kuma taimakon 'yan uwansa.

Dattijo: Ina da kalma.