Agogon RPM mai araha yana nuna 1,200 a sulo

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Agogon RPM (mai ƙirga juyin inji a minti ɗaya) na kasuwa a injin silinda 6 yana nuna 1,200 a sulo, alhali na'urar OBD2 (wadda ke karanta bayanai daga kwamfutar mota) tana nuna 800. Ya lalace ne?

Amsa ta 1: Malam, lafiyarsa ƙalau. Duba bayansa, akwai makunni mai 4-6-8 na zaɓen yawan silinda. Inji mai silinda 4 yana ba da tartsatsi 2 a kowane juyi, mai 6 kuma 3. In an bar shi a 4, dole ya ninka lissafin sau 1.5, ka ga 800 ta koma 1,200. Mayar da shi 6.

Amsa ta 2: Haka ne. Koriyar waya ta tafi negatif na kwil, baƙar kuma a ɗaure ta a ƙarfen jikin mota da aka kankare fenti, in ba haka ba allura za ta riƙa rawa. A nesanta koriyar wayar da wayoyin filogi. Amma in kowane filogi da nasa kwil ne, kar a ɗauki sigina daga guda ɗaya, karatun zai faɗi ƙasa sosai; daga ECU, wato kwamfutar injin, ake ɗauka.

Amsa ta 3: Kada ka tsaya a sulo kawai. Gwada da OBD2 a 1,500 da 3,000. In akwai ɗan sukurun saiti a ciki, saita a 3,000, don masu arahar nan ba sa yin daidai a ko'ina.