Gwangwanin madarar da ake ba mu a ɗakin kotin, yana maganin wani abu kuwa?

Ɗan Sharaɗa:

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ina aiki a wani kamfanin haɗa magunguna a nan Kano. Ba zan faɗi suna ba, don a nan nake samun na tuwo. Da farko ƙwaya nake jerawa a kwali, to kafin azumi aka mayar da ni ɗakin kotin, inda ake fesa wa ƙwaya wannan rigar mai santsi da kuke gani a jikin wasu magunguna. Ni nake haɗa ruwan feshin. Ina tsiyayowa daga wani duro da aka rubuta Methylene Chloride a jikinsa, mu dai MDC muke ce masa, na haɗa da sifirit da garin kala, na sunkuya a kan bokiti na yi ta damawa har ya haɗu.

Tun da na shiga ɗakin nan kaina bai huta ba. Da la'asar zai fara sarawa, jiri ya biyo baya, sai ka ce na sauko daga lilo. Shekaranjiya a hanyar Ɗorayi sai da na ajiye mashin na zauna bakin titi, don titin gani na yi yana rawa. Ranar Lahadi kuwa da ba aiki, ras nake. In ruwan ya fantsamo a safar hannu, fatar takan yi sanyi ƙalau, can kuma ta ɗauki raɗaɗi. Safar irin shuɗiyar nan ce ta asibiti, takunkumin kuma irin na zamanin korona. Akwai fanka mai zuƙe iska a saman injin, amma in an koma janareta oga yakan ce a kashe ta, dizal ya yi tsada.

Da an tashi ana ba kowannenmu gwangwanin madara, wai tana wanke gubar. Da gaske ne? In ba ta yi, me zan riƙa sha?

Mai Shayin Kwana:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ƙara da nono mai tsami da cokali ɗaya na manja da safe. Masu fentin mota na layinmu haka suke yi, kuma ga su nan garau.

Baba Mai Inji:

Mai shayi, ka tsaya a tukunyarka, Allah ya ba da kasuwa.

Yaro, shekara ashirin da biyu na yi a kamfanonin magani tsakanin Ota da Agbara a jihar Ogun, madarar nan kuma na sha ta har na gaji da ita. Ciki take zuwa. Abin da ke damunka ta hanci yake shiga, ya wuce huhu, ya faɗa jini kafin ka kai ƙofar fita. Ina za su haɗu? Ka kai wa yara su sha shayi, ita ce kaɗai ribarta.

MDC yana tafasa a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Kai ka san Kano a watan Afrilu da Mayu. Wato bokitin da kake sunkuyawa a kai, ko ba wuta a ƙarƙashinsa, tashi yake yi yana shiga fuskarka. Duron ma in ya sha rana kumbura yake, don haka a inuwa ake ajiye shi, a kuma kwance murfin a hankali, fuska a gefe. Tururinsa ya ninka iska nauyi kusan sau uku, ba ya hawa sama, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa a kwari. Na taɓa ganin wani abokin aikinmu, mutumin kirki, ya shimfiɗa kwali a lungun ɗakin don kada jam'i ya ɗauke masa lokaci. Ya yi sujada ta biyu bai ɗago ba. Mu muka jawo shi waje ta ƙafa, ya farfaɗo yana tambayar wa ya kashe fitila. Daga ranar babu wanda ya ƙara sallah ko kishingiɗa a ɗakin.

Kada kuma ka dogara da hancinka. Kafin ka ji wannan ƙamshin mai ɗan zaƙi-zaƙi, abin ya riga ya yi yawa a ɗakin, in ka daɗe a ciki kuma hancin ya saba ya daina gaya maka komai.

Maganar fanka ita ce maganar. Duk sauran ganye ne. Ranar da aka kashe ta, a dakatar da feshi.

Hajiya Famasist:

Baba ya gama magana a kan madara, bari na ɗora daga ciwon kan.

Ƙanena, in MDC ya shiga jiki, hanta tana juya wani kaso nasa ya koma kabon monoksaid, wato irin gubar hayaƙin janareta da muke jin ta hallaka iyali guda cikin dare. Tana manne wa jini ta hana shi ɗaukar iskar da ƙwaƙwalwa da zuciya suke buƙata. Kuma hantar tana ci gaba da wannan aikin bayan ka bar ɗakin, shi ya sa jirin ya tare ka a hanya. Mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, da mai shan taba, nasu ya fi muni. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa, Amurka kuma a 2024 ta haramta yawancin ayyukan da ake yi da shi. A can ƙa'idar wurin aiki ita ce kada ya wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki a aikin awa 8. Ka tambayi kanka ko an taɓa shigowa da na'urar awo ɗakinku.

Safar da kake sawa, shuɗiyar da farar roba duka, yana ratsa su cikin 'yan mintuna, sannan safar ta riƙe shi a jikin fata. Raɗaɗin da kake ji ke nan. Akwai safar da aka yi dominsa, mai leda hawa-hawa, ana ɗora mai kauri a kanta. Takunkumin korona kuwa ƙura ma da kyar yake tarewa, balle tururi. Abin da zai ba ka mamaki, har takunkumin nan mai gwangwani biyu a kumatu ba ya jimawa da MDC, yana cika da wuri ya fara wucewa ba ka sani ba. Inda ake bin doka, iska mai tsabta ake turo wa ma'aikaci ta tiyo.

Ka duba mini sifirit ɗin nan da kake haɗawa, me aka rubuta a duronsa? In Methanol ne to wata sabuwa, don shi jijiyar ido yake ci, ga kama wuta. Kowane sinadari yana zuwa da takardar bayani mai sashe 16, ana ce mata SDS. Je ka sito ko ɗakin gwaji ka nemi tasa, ka karanta sashe na 4 da na 8: taimakon gaggawa da kayan kariya. In ya shiga ido, ruwa mai gudu na minti 15, ba tare da tsayawa neman izinin kowa ba. In wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, asibiti kawai.

Ka je asibiti kai tsaye daga wurin aiki, kada ka bari sai Lahadi da jinin ya washe. Ɗauki hoton duron ka nuna wa likita, in ba haka ba maganin maleriya da taifot za a rubuta maka, mun san halinmu. Abin takaicin ma, kamfanoni da yawa sun daɗe da komawa kotin da ake dama shi da ruwa zalla. Ya fi jinkirin bushewa, shi ya sa wasu suke noƙewa.

Kwamared Bompai:

Ni ta ɓangaren haƙƙi zan zo. Kada ka kai kuka NAFDAC kana jiran ta share maka hawaye, ita ingancin ƙwayar ne babban aikinta. Lafiyar ma'aikaci a masana'anta tana hannun sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar da ke biyan ma'aikata diyya, ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, ba ta ware ma'aikacin wucin gadi ba. Amma tana so ka sanar da kamfani cikin kwana 14. Saboda haka a rubuce, ka riƙe kwafi. Kuma kada ka shiga ofis kai kaɗai a ce kai ne mai taurin kai. Ku nawa ne a ɗakin?

Ɗan Sharaɗa:

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi da na karanta labarin mai sujada sai da jikina ya yi sanyi, don kwalin sallarmu yana bayan injin. Yau na fitar da shi baranda.

Kwamared, mu huɗu ne, kuma ashe duk muna shan farasitamol a ɓoye, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai. Mun rubuta takarda mun sa hannu, mun kai wa matar da ke kula da inganci, don ita tana sauraron mutane. Ta sauko da kanta, ta tsaya minti biyar ta fita tana dafe goshi. Fanka dai yau ta yi aiki har aka tashi, ko da janareta. Safa an ce sai an aiko daga Legas.

Hajiya, na duba ɗaya duron. Isopropyl Alcohol aka rubuta, ba wanda kuka ambata ba. Takardar SDS kuma mai sito ya ce tana cikin wata durowa da makullinta ya ɓata tun bara. In na samo ta a intanet da sunan sinadarin, ɗaya ce da ta kamfanin da ya sayar mana, ko sai lallai tasu?